Su a Tabkin Madarunfa da Ƙananan Tabkunan Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a bakin masunta, da matan da ke sana'ar banda, da matasan da ke son shiga su, wato sana'ar kamun kifi. Amsoshin sun fi karkata ga tabkin Madarunfa, da yake shi ne babban ruwan jihar Maraɗi, amma mafi yawansu sun shafi kowane tabki da ke riƙe ruwa har rani.

Daga ina ruwan tabkin Madarunfa yake zuwa, kuma me ya haɗa wannan da kifi?

Tabkin yana kudu da birnin Maraɗi da kilomita 20 da ɗoriya. Ruwan sama da ke sauka a kansa kaɗan ne daga abin da ke cika shi. Cikarsa tana zuwa ne daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, kuma dukansu daga Najeriya suke gangarowa. Gulbin Maraɗi yana shigowa ta wajen Jibiya, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke isowa nan ya dogara har da yadda ake sakinsa a can. A 2019 aka sa tabkin cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayi, saboda kifinsa da tsuntsayensa.

Abin da ya shafi masunci shi ne wannan: kifi ba a tsakiyar tabki yake haihuwa ba. Idan gulbi ya kawo, ruwa ya hau kan ciyawa da gonakin gefe, nan ne ake yin kifin baɗi. Shekarar da ruwa ya malala ya daɗe a kan ciyawa, kifi zai yi yawa bayan wata shida zuwa shekara. Shekarar da cikar ta zo a makare ko ta janye da wuri, ko an hana kamun kifi na wani lokaci, kamun zai yi ƙasa. Daga Oktoba kuwa ruwa sai raguwa, domin rana da iska a ƙasarmu suna shanye kusan mita 2 a shekara daga kowane buɗaɗɗen ruwa, ban da abin da dabbobi da injinan ban-ruwa ke ɗiba.

Waɗanne kifaye ake samu?

Karfasa da tarwaɗa su ne ƙashin bayan kamu. Bayansu akwai giwan ruwa, ragon ruwa, ƙurungu, da gaiwa. A ƙananan tabkunan da ke kusan ƙafewa da bazara, tarwaɗa da gaiwa ne ke saura, saboda su biyun suna iya shaƙar iskar sama. Gaiwa har takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta kwanta watanni tana jiran damina.

Kifin da muke kamawa yanzu bai kai na da girma ba. Me ya jawo?

Abu biyu ne ke ƙanƙantar da kifi, kuma maganinsu ya saɓa wa juna, saboda haka sai an duba kifin kansa kafin a yanke hukunci.

Na farko, su ya yi yawa. Ana kwashe kifi tun bai girma ba, babu wanda ke kai shekara biyu. Alamarsa: kifin ƙarami ne amma da ƙiba, bayansa cike, sai dai ba shi da yawa, kuma kowace shekara sai an ƙara taru kafin a samu abin da aka samu bara. Wannan ita ce matsalar tabkin da masunta suka yi wa yawa, irin manyan tabkunan da ake kwana ana su a cikinsu.

Na biyu, kifi ya yi wa ruwa yawa. Wannan ya fi faruwa a ƙaramin tabki da aka zuba wa karfasa ita kaɗai, babu mai cin 'ya'yanta. Tana haihuwa sau da yawa a shekara, abinci ya kasa, kowa ya tsaya a tsawon yatsa. Alamarsa: ka jefa birgi, wato tarun jifa, sau ɗaya ya cika, amma kifin ramamme ne, kai babba, ido babba, jiki kamar an matse. Ka fasa cikin wadda ba ta wuce santimita 10 ba ka tarar da ƙwai. Irin wannan ruwan, rufe shi ba zai yi amfani ba. Sai an rage ƙananan, a kuma zuba tarwaɗa ta riƙa cin 'ya'yan.

Wanda ya rikita waɗannan biyun zai yi aikin banza. An sha rufe tabki shekara guda a buɗe a tarar da kifi ya ƙara ƙanƙancewa, don tun farko cunkoso ne ciwonsa.

To, wane idon taru ya kamata a yi amfani da shi?

Nan ne zancen ya fi nauyi, don mu a ganinmu idon taru ya fi yawan masunta tasiri a kan tabki.

Kalli, wato tarun da ake kafawa a bar shi a ruwa, ba ya tare kifi kamar bango. Kifi ne ke cusa kansa cikin ido, ido ya kama shi a bayan kunne, ya kasa gaba ya kasa baya. Saboda haka kowane ido da girman kifin da yake kamawa: wanda ya fi shi ƙanƙanta ya wuce, wanda ya fi shi girma sosai ya dungura ya koma. Masunta suna auna ido da yatsu. Idan ana son awo na ƙwarai, a ja idon ya miƙe har ya rufe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Yatsa biyu yana kai wa wajen santimita 4, yatsa huɗu kuwa santimita 7 zuwa 8. A auna taru yana jiƙe, don busasshe yana ruɗi.

Ga lissafin da ya kamata kowane masunci ya riƙe. Nauyin kifi ba ya tafiya daidai da tsawonsa. Idan tsawo ya ninka biyu, nauyi yana ninka kusan takwas. Karfasa mai santimita 10, irin wadda yatsa biyu ke kamawa, nauyinta wajen giram 20 ne. Mai santimita 20, irin ta yatsa huɗu, tana kai giram 150 zuwa 160. Ke nan sai ka tara 50 na ƙananan kafin kilo ɗaya, alhali 6 ko 7 na manyan sun isa. Ko da rabin ƙananan nan sun mutu a ruwa kafin su girma, 25 da suka rage za su ba da kusan kilo 4. Kuma kilon manya ya fi kilon ƙanana kuɗi a kasuwar Maraɗi, kowace mai soya kifi ta san haka. Tsakanin waɗannan biyun watanni ne kawai idan ruwa na da abinci, kuma cikin watannin nan kifin ya haihu aƙalla sau ɗaya.

Shawararmu ita ce yatsa huɗu ga kalli, birgi kuma kada ya gaza yatsa uku. Amma gaskiya ce mai ɗaci cewa mutum ɗaya ba zai iya yin wannan shi kaɗai ba. Idan ka bar ƙaramin kifi ya wuce, maƙwabcinka mai yatsa biyu zai kama shi gobe. Dole Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta su tsayar da rana ɗaya da kowa zai canja, kuma lokacin da ya fi sauƙi shi ne ranar buɗe su bayan an rufe, lokacin da manyan kifi suke nan, ba wanda zai kwana da yunwa saboda canjin.

Yaya ake ɗaura kalli ya kama da kyau?

Ƙa'idar ita ce rabi: bandir ɗin taru mai yadi 100 idan an miƙe shi, a ɗaura shi kan igiya mai yadi 50. A aikace, idan idonka santimita 7 da rabi ne, ka zura ido huɗu a zare ka ɗaure su kan santimita 15 na igiya, haka har ƙarshe. Ka yanki ɗan kara daidai wannan tsawon ka riƙa gwadawa, kada ka yi da ka. Igiyar sama da ta ƙasa su zama tazara ɗaya, in ba haka ba tarun zai murɗe a ruwa.

A igiyar sama ana sa abin da zai ɗaga ta, kamar yankan tsohon takalmin soso, duk bayan taku biyu. A ƙasa kuma dalma, daidai ƙarƙashin kowane soso. Idan dalma ta rinjaya, tarun ya kwanta a laka ya kwaso ƙurungu da itace. Idan soso ya rinjaya, ƙasan ya tashi, tarwaɗa da ragon ruwa su bi ta ƙarƙashi.

Wanda ya ja tarun ya yi tsauri don ya samu tsawo, kifi zai riƙa dungura yana komawa. Wanda ya sake shi fiye da rabi, zai nannaɗe komai, babba da ƙarami, ya kwana yana warware ƙayar ƙurungu. Ita ƙayar nan kullewa take yi idan ta miƙe, kada a fizge ta. A riƙe kifin ta bayan kai a zame zaren a hankali.

Tsohon tarun roba da ya yage, a fito da shi daga ruwa. Ba ya ruɓewa, yana nan yana kashe kifin da ba wanda zai ci.

Me ya sa ake hana jan taru da sange?

Idon sange, wato gidan sauro, bai wuce milimita biyu ba, ba abin da ke wuce shi, har kifin da aka ƙyanƙyashe shekaranjiya. Kuma a gefe ake jansa, inda 'ya'yan kifi suke. Kwano ɗaya na irin wannan kamun dubban kifi ne. Bayan haka an raba sangen ne don yara su kwana ciki, kuma da maganin sauro a jikinsa. Babban tarun ja ma, ko idonsa da girma, yana share ƙasa, ya rushe gurbin karfasa, ya tumɓuke ciyawa, ya dama ruwa.

Damina ce lokacin da kifi ya fi sauƙin kamu. Don me za a ce a rufe?

Don sauƙin nan shi ne haɗarin. Kifi ya matso gefe ne don ya haihu.

Dubi karfasa. Namijin yana haƙa gurbi kamar akushi a rairayin ruwa mara zurfi. Macen ta zuba ƙwai a ciki, ya barbare su, sai ta kwashe su a bakinta. Kwana goma zuwa mako biyu tana riƙe da su, ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe su fara iyo, kuma ko bayan ta sake su, in suka tsorata bakinta suke komawa. Duk wanda ya yi su da damina ya taɓa gani: ka jefo karfasa cikin kwalekwale, ta buɗe baki, ƙwai rawaya kamar ƙwayar gero su zubo a kan katako, wani lokaci ma 'ya'ya ne masu ido suna motsi. Ɗaruruwa ne a bakin uwa ɗaya.

Tarwaɗa kuma da dare take hawa ciyawar da sabon ruwa ya rufe, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ƙwanta yana manne wa ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Babbar mace tana ɗauke da dubun-dubatar ƙwai. A daren nan ne ake bin su da fitila da adda cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, kuma daren nan ɗaya yana iya cinye kamun wata uku na rani.

Rufewar da ta fi amfani ita ce daga farkon shigowar gulbi har ruwa ya fara janyewa, wato tsakanin Yuli da Satumba ko Oktoba. Da yake galibin masuntanmu manoma ne, lokacin ma suna gona. Idan rufe tabkin gaba ɗaya ya gagara, to a keɓe bakin mashigar ruwa da ɓangaren da ciyawa ta fi yawa, a kafa turaku kowa ya gani, a hana taru da gura (tarkon kifi) da mamari (igiya mai ƙugiyoyi da yawa) a nan. Tare mashiga da jerin gura ya fi komai ɓarna, don ta nan kifin ke fita haihuwa, ta nan 'ya'yan ke dawowa.

Mun wayi gari kifi yana yawo a sama ciki-sama. Guba aka zuba?

Ba lallai ba. Sau da yawa iska ce ta ƙare a ruwa. Kifi yana rayuwa da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, kuma ruwan zafi ba ya riƙe ta da yawa: a ma'aunin zafi 20, lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9, a 30 kuwa 7 da rabi. Da rana tsirran ruwa suna ƙara ta, da dare su da kifi da ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa duk shanta suke yi. Shi ya sa ta fi ƙaranci da asuba. A Afrilu da Mayu, ruwa ya ja baya, ya yi zafi, kifi ya cunkushe, sai a samu dare mara iska, shi ke nan. Haka kuma ruwan farko na damina yana kwaso kashin dabbobi da shara da jar laka, su ruɓe cikin kwana ɗaya ko biyu su shanye iskar.

Ga yadda za a bambanta. Idan ƙarancin iska ne, da asuba abin ke faruwa, kifi na tasowa yana haɗiyar iska a saman ruwa, manya ne ke fara mutuwa, giwan ruwa a gaba, tarwaɗa kuwa tana nan lafiya, kuma da rana ta ɗaga sai abin ya lafa. Idan guba ce, ba ta da lokaci, ƙanana ne ke fara mutuwa, kifi na juyawa yana fizge-fizge, tarwaɗa ma ba ta tsira, kuma za a ga kwaɗi da ƙwarin ruwa a mace. In an ga haka, kada a ci, kada a sayar, a hana dabbobi sha, a sanar da jami'an gandun daji. A kuma tambayi masu lambun gefe, don wanke tankin feshi a bakin tabki kaɗai ya isa ya yi wannan ɓarnar.

Me ya sa kamu ke raguwa da hunturu?

Sanyi ne. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Karfasa tana rage ci idan ruwa ya sauka ƙasa da 20, ta daina haihuwa, ta koma zurfi. Kalli kuwa kifin da ke yawo yake kamawa. A Disamba da Janairu a kafa taru a wuri mai zurfi, a yi birgi da rana tsaka in ruwa ya ɗan ɗumama.

Muna da tabki a ƙauyenmu, muna son a zuba masa kifi. Ta ina za mu fara?

Ta auna ruwa. A kafa sanda mai alama a wurin da ya fi zurfi a ƙarshen damina, a riƙa dubawa kowane mako. Tabkin da ba ya riƙe ruwa wata shida ko bakwai ba zai ba da kifin kirki ba. Wanda ake so ya ƙetare rani, zurfinsa a Oktoba ya wuce mita 2 sosai, don da bazara ruwa na sauka milimita 7 zuwa 10 kowace rana.

Sai yarjejeniya, tun kafin kifi ya iso: wa zai yi gadi, yaushe za a buɗe, yaya za a raba, ina dabbobi za su sha. A zauna da maigari da makiyaya da masu lambu. Tabkin da aka zuba wa kifi ba tare da wannan zaman ba, yara da fatsa sun gama da shi kafin wata uku.

Ɗaukar kifin kuwa a nan ake yawan asara. A bar shi kwana ɗaya ba abinci, don kashinsa ne ke ɓata ruwan tafiya. A tashi da asuba. Tarwaɗa tana jure jarka da aka yanke samanta, ruwa rabi, a rufe da buhu jiƙaƙƙe. Karfasa ba ta jurewa, tana buƙatar leda mai oksijin ko tankin da ake sauya wa ruwa a hanya. Ɗan gishiri, giram 2 zuwa 3 a lita, yana rage mata wahala. Da an iso kada a juye. A ajiye ledar a kan ruwan tabkin minti 20 zuwa 30, a riƙa ɗebo ruwan tabkin kaɗan-kaɗan ana zubawa ciki, sannan a karkata ta kifin ya fita da kansa. Bambancin zafi tsakanin ruwan leda da na tabki yana kashe kifi, wani lokaci ba nan take ba, sai bayan kwana biyu a ga suna tasowa.

Idan iyayen karfasa za a zuba, a sa namiji ɗaya ga mata uku. Tarwaɗa ta biyo baya, bayan karfasa ta haihu, kuma kada ta fi 'ya'yan karfasar girma da nisa. A rufe tabkin aƙalla wata shida. A yi duk wannan da sanin jami'an gandun daji, su ne suka san inda za a samu iri mai lafiya.

Za mu iya zuba giwan ruwa, tun da shi ya fi tsada?

A ƙaramin tabki, a'a. Naman kifi kawai yake ci, sai ya cinye kilo da yawa na karfasa kafin ya yi kilo ɗaya, yana ɗaukar shekaru kafin ya haihu, kuma shi ne na farkon mutuwa in iska ta yi ƙaranci da bazara. Ruwa mai faɗi da zurfi irin Madarunfa ne wurinsa.

Sai da izini ake su?

I. Dokar kamun kifi ta Nijar, tun wadda aka kafa a 1998, ta ɗora wa mai su don sana'a ya mallaki takardar izini daga ma'aikatar ruwa da gandun daji, ta kuma haramta guba da abin fashewa da lantarki. Bayan takarda, baƙon masunci ya fara gaida Sarkin Ruwa, ya ji ka'idar wurin kafin ya jiƙa taru.

Kifina yana lalacewa kafin ya kai Maraɗi. Ina kuskuren?

Galibi tun cikin ruwa ya fara lalacewa. Kifin da ya shiga kalli da magariba ya mutu, ya kwana cikin ruwa mai zafin 30, da safe ya riga ya yi awa takwas ko goma da mutuwa. Da bazara a duba taru tsakar dare. A buɗa kunnen kifi a gani: ja wur shi ne sabo, in ya koma ruwan ƙasa da yauƙi ya kwana. Ido ya zama tar, kuma in ka danna jikin da yatsa ya dawo.

Da an fito, a fasa ciki a cire hanji da kunne, a wanke da ruwan rijiya ko na famfo, ba na bakin tabki da aka tattake ba. Ƙanƙara kilo ɗaya ga kifi kilo ɗaya a lokacin zafi, a farfasa ta ƙanana, a jera ƙanƙara, kifi, ƙanƙara, a bar hudar da narkakken ruwa zai fita. Dunƙulen ƙanƙara ɗaya a kan buhu ba ya sanyaya na ƙasa. Buhun ma kansa matsala ne, na ƙasa yana murƙushewa a bayan babur.

Yaya ake banda da za ta daɗe ba ƙwari?

A tsoma gyararren kifi cikin ruwan gishiri, kilo ɗaya a lita 10, minti 20 zuwa 30, a jera a inuwa ya tsane har fatar ta daina ɗiga. Tarwaɗa a naɗe ta a soke da tsinke, manya a yanka gunduwa-gunduwa. Wuta hawa uku ce: sassauƙa na awa ɗaya don fata ta bushe, mai ƙarfi na awa biyu zuwa uku don naman ya nuna, sannan garwashi da hayaƙi a hankali, ana juyawa, har ya bushe. Wanda ya fara da wuta mai ƙarfi, waje zai ƙone ya rufe, ciki ya riƙe ruwa, bayan kwana uku ya yi tsutsa. Banda mai laushi ta kwana biyu ko uku ce. Wadda za a ajiye watanni sai ta bushe ƙayau, kilo 3 na ɗanye ya koma wajen kilo ɗaya.

Murhun Corko, wanda aka ƙirƙiro a Ghana a ƙarshen shekarun 1960, ginin laka ne da ake jera farantan katako masu ragar waya a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Hayaƙi ɗaya yana ratsa su duka, itace ya ragu ƙwarai, kuma magini na gari zai iya yinsa. A riƙa sauya faranti na sama da na ƙasa. Kada a hura da roba, taya, ko katako mai fenti.

Iya mai banda, don Allah kada a fesa wa banda fiya-fiya ko maganin gona. Yana shiga nama, wanki ba ya fitar da shi, 'ya'yanki ma shi za su ci. In aka ga ƙwaro ko garin ɓarnarsa a ƙasan kwando, a mayar da kifin kan murhu awa ɗaya ko biyu, zafi yana kashe ƙwaron da ƙwansa.

Tabkin yana cikewa da rairayi. Masunta na da abin yi?

Rairayin daga tudu yake zuwa, daga gonakin da aka share har bakin ruwa da kwazazzabon da ba a tare ba. Kowace damina ƙasan tabki na tasowa, ruwa ya yi faɗi ba zurfi, ya fi saurin zafi da ƙafewa. Yashe tabki aikin hukuma ne da manyan injina. Abin da ke hannun jama'a shi ne barin ciyawa da itatuwa a gaɓa, jera duwatsu a bakin kwazazzabo, da barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gona, aikin da manoman Maraɗi suka yi suna a kansa. Inda kacalla ta fara kama gefe, a yanke ta ƙarƙashin ruwa tun ba ta yi fure ba, a maimaita in ta tofo. Kututturen da ruwa ya rufe yana shaƙewa ya mutu, wanda aka ƙone a sama kuwa sai ya ƙara tofowa.

Fitsarin jini da ke damun masunta daga kifi ne?

A'a, tsargiya ce. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan katantanwar da ke manne a ciyawar gefe, ta huda fatar mai tsayuwa a ruwa. Cin kifi ba ya kawo ta. Maganinta firazikwantel, ana samu a asibiti, ana auna shi da nauyi ko tsawon mutum. Sha ɗaya ba ya hana a sake kamuwa, saboda haka mai shiga ruwa kullum ya riƙa zuwa ana duba shi. Kuma kada a yi fitsari ko bayan gida a tabki, ta nan ƙwan ke komawa ga katantanwar.

Ta yaya za mu san kifin tabkinmu yana ƙaruwa ko raguwa, ba tare da mun jira masana ba?

Da sikeli, da katako mai awo, da littafi. Jimillar kifin da ya fito ba ta faɗin gaskiya, don masunta 100 a ruwan da ya gaji suna iya fitar da abin da 40 ke fitarwa a da, a ce ai kifi na nan. Abin da za a rubuta shi ne kamun taru ɗaya a dare ɗaya.

A zaɓi masunta biyar amintattu masu kalli iri ɗaya, tsawo ɗaya, ido ɗaya. Rana ɗaya a mako, a wuri ɗaya a bakin tabki, a auna kamun kowa, a raba shi iri-iri: karfasa kilo kaza, tarwaɗa kaza, sauran kaza. Sannan a ɗebi karfasa 30 ba zaɓe, a kwantar da kowace a kan katakon da aka kafa wa ƙusa a gefe ɗaya, baki ya taɓa ƙusar, a karanta tsawon a ƙarshen wutsiya. A fasa cikin goma a rubuta nawa ke da ƙwai da tsawon mafi ƙanƙantarsu. A ƙarshen shafin a sa abin da sandar awon ruwa ta nuna ranar.

Ana kwatanta wata da takwaransa ne, Janairun bana da Janairun bara, ba Janairu da Mayu ba. Idan kilon taru ɗaya yana sauka shekara biyu a jere, tsawon ma yana sauka, ruwa kuma bai ragu ba, su ne ya yi yawa, a ƙara ido a tsawaita rufewa. Idan kilon ya sauka a shekarar da sandar ta nuna cikar ba ta kai ba, amma tsawon bai canja ba, ruwa ne, a sassauta a jira damina. Littafin ya zauna a hannun magatakardan ƙungiya, a rubuta da fensir don biro yana narkewa in ya jiƙe, kuma a karanta shi a gaban kowa ranar da za a tsayar da lokacin rufewa.